Kanta

Murfin kwalbar zuma ne ya tona mini asiri.
Suwaiba ta miƙo, "Baba, buɗe mini."
Na murɗa, na ƙara murɗawa, na sa bakin riga,
uwarta ta karɓa ba tare da ta dube ni ba,
ɓas, ya buɗe.

Ni fa ɗan Ɗan'azumi ne,
wanda ya shekara talatin yana dako a Dawanau,
buhun gero a wuya, yana tafe yana gaisawa da jama'a.
Ni kuwa shekara sha tara ina bayan kanta a Hull
ina ƙirga ƙwayoyin magani,
hannuna ba kanta,
laushi kamar audugar da nake sayarwa.

To ga ni a wani tsohon sito bayan tashar jiragen ruwa,
inda ƙarnin kifi bai gama barin bango ba.
Shida na safe, gari bai waye ba, ana yayyafi.
Lorna Pickering ce mai wurin,
gajera, furfura a gaban goshi,
da can walda take yi wa jirage.
Kafin ta tambayi sunana sai da ta juya tafina,
ta ce, "Wannan bai taɓa neman abincinsa da kansa ba."
Na haɗiye. Ai ba ƙarya ta yi ba.

Ta ba ni ƙarfe biyu masu mariƙi, kilo arba'in-arba'in:
ɗauka, je ƙofa, dawo, kar ka ajiye.
Taku tara na yi.
Ba ƙafa ce ta gaza ba, ba baya ba,
yatsu ne suka buɗe ɗaya bayan ɗaya
kamar baƙin da suka ji tuwo ya ƙare.

Wata uku ina shafa alli, ina rataye a sandar ƙarfe
mai kaurin taɓarya,
ina kifar da tayar tarakta, tana kifar da ni,
ina rungumar dutse kamar ɗan'uwan da ya dawo daga tafiya,
shi ko ko gezau.
Da dare cokali ya gagare ni riƙewa.
A sujada wuyan hannu na kuka.
Wani direban babbar mota, Craig, ya ce mini,
"Kar ka yi faɗa da shi, shiga ƙarƙashinsa."
Haka Baba yake cewa. Ban faɗa masa ba.

Ranar wata Asabar Lorna ta jawo buhun yashi,
kilo ɗari cif.
Na durƙusa, na cusa yatsu ta ƙasa,
na ɗora a cinya, na ja numfashi,
na kai shi ƙirji, na kai shi kafaɗa.
Suka yi ihu, wani ya buga ƙarfe a ƙasa.
Ni ban ji su ba.
Nauyin nan na san shi.
Shi ya biya kuɗin makarantata,
shi ya sayi takalmin da na hau jirgi da shi.
Sau ɗaya na ɗauka, idona ya yi duhu.
Shi sau nawa a wuni, Baba, da azumi a bakinka?

Ana biyanka ka ɗauka,
ni fam talatin da biyar nake biya duk wata a bar ni in ɗauka.
Da kana raye da ka yi dariya har ka riƙe ciki,
ka ce, "Wa ya aike ka?"

Jiya muna tsallaka titi na kama hannun Suwaiba.
Ta fizge, ta ce, "Baba, hannunka na karce ni."
Na tsaya cak a tsakiyar titi, bas na danna oda.
Ni ma na taɓa faɗin haka,
a bakin kasuwa, ina ɗan shekara shida,
kuma mutumin bai sake ni ba
sai da muka ƙetare.